Nono Ya Toshe a Gidan Shanu

Bayan an sha suna a Kazaure, aka ɗauko Zubaida da jaririnta aka kawo su gidan iyayenta don wankan jego. Gidan yana wani ɗan ƙauye ne a gefen Gwiwa, inda kakanninta suka yada zango da shanunsu tun tuni, har suka kama noma suka zauna. Damina ta yi nisa a lokacin, gero ya fitar da kai, shanun mahaifinta Malam Daudu sun ƙoshi sai sheƙi suke yi. Kowace safiya ƙwarya-ƙwarya ake shigowa da madara cikin gida, a sha, a kafa kindirmo, ragowar a kai kasuwa.

Wadda ta tare su a ƙofa ita ce Tasalla, kakar Zubaida ta wajen uba, wata siririyar tsohuwa da ba a raba ta da barkwanci. Ko sannu da zuwa ba ta gama yi ba ta karɓe jaririn, ta buɗe tawul ta leƙa fuskarsa.

"Kai, an cuce ni!" in ji ta. "Ina zaune ina jiran miji ɗan Fillo mai dogon hanci, sai aka kawo mini Babarbare sak. Ku dubi goshi!"

Shafi'i mijin Zubaida, wanda ya rako su, ya durƙusa yana dariya. Shi Babarbare ne haifaffen Kazaure, mai gyaran injin ban-ruwa, kuma tun ranar da ya fara zuwa neman aure wasan Fulani da Barebari bai taɓa yankewa tsakaninsa da tsohuwar ba.

"Kaka, ai gyaran iri muka zo yi muku," ya ce. "Ki riƙe shi da kyau, sunan mahaifina gare shi."

Muhammadu Lawal aka raɗa wa yaron, ana yi masa alkunya da Abba. Tasalla ta ce ita ba ruwanta da wani Abba, Maigida za ta riƙa kiransa, tunda mijinta ne.

Ita ta karɓi aikin wankan. Safe da yamma za ta sa a tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta shiga da Zubaida bayan ɗaki, tana tsoma ganyen tana fyaɗa mata tana zuba labari. Mahaifiyar Zubaida kuwa, Uwa, ba ta sa hannu a fili. Zubaida ce 'yar farinta, don haka tun tasowarta ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwar ba. In Uwa za ta yi mata magana sai ta ce "ke", ko kuma ta faɗa wa wani ya faɗa mata. Nata aikin shi ne hura wuta da dama kunun kanwa. Ta ajiye a bakin ƙofa, ta ɗan saci kallon jikan, ta wuce.

A haka Zubaida ta tashi, kuma a haka ta ɗauka ita ma ya kamata ta yi da nata ɗan farin. Idan ɗakin ba kowa, sai ta rungume Abba tana shinshinar kansa, tana wasa da 'yan yatsunsa, tana jin kamar ta mayar da shi ciki don so. Amma da ta ji sallama sai ta ajiye shi gefe ta kau da kai. Masu barka kuwa ba sa yankewa. Daga Gwiwa a zo, daga Roni a zo, har 'yan uwan Uwa daga Kanya Babba suka cika mota guda. In yaron ya yi kuka a gaban mutane, sai ta juya baya, ta lulluɓa da mayafi, ta cusa masa kan nonon a gurguje. Kafin ya ƙoshi wata sallamar ta zo, sai ta zare shi.

Ba a jima ba kan nononta na hagu ya tsage. Duk lokacin da Abba ya kama, sai ta ji raɗaɗin har tafin ƙafarta, ta cije leɓe, hawaye na taruwa. Sai ta yi wa kanta dabara: ta riƙa ba shi na dama kawai, na hagun ya huta. Don kada ruwan nono ya ɓata mata riga a gaban baƙi, ta ɗauko wata sabuwar rigar mama daga cikin kayan barka, wadda ta yi mata kaɗan, ta matse ƙirjinta da ita tun safe har dare.

Nonon hagun bai huta ba. Ya cika ya yi tauri, sannan wani ƙululu kamar ƙwallon goruba ya fito a gefensa ta wajen hammata. Ko hannu ta ɗaga sai ta ji shi. Da ta daure ta mayar da yaron wajen, sai ya kasa kamawa saboda taurin, ya saki ya tsala kuka yana harba ƙafa. Ita ma ta sa kuka a hankali. Tsoro ya fara shigarta, domin ta taɓa jin labarin matar da aka tsaga wa nono a asibiti. Amma da wane baki za ta ɗaga wa manya maganar nono, a kan ɗan fari? Sai ta ɓoye ciwon.

Wankan safe ne ya tona asirin. Tasalla ta tsomo ganye ta ɗora mata a ƙirji kamar kullum, sai Zubaida ta ƙwalla ƙara har kaji suka watse a tsakar gida.

"Ke! Kunama ce?"

"A'a, Kaka."

Tsohuwar ta ture hannun da Zubaida ta kare wurin da shi, ta duba, ta taɓa da yatsa biyu. Fuskarta ta canza.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"An kwana biyu kina ɗauke da dutse a ƙirji, kina yi mini murmushi? To, kunya ce za ta ba mijina abinci?"

Kafin hantsi magana ta zagaya gidan. Wata maƙwabciya da ta shigo ɗibar wuta ta ce nonon ne ya ɓaci, a cire yaron gaba ɗaya kada ya sa masa gudawa. Malam Daudu ya tsaya daga bakin zaure ya ce in madara ce, ga jar saniyar nan ta haihu, a ware wa yaron ita kacokan. Tasalla ta ɗaga hannu.

"Ku dakata. Ba a yanke wa nono hukunci sai an yi masa shari'a."

Ta sa Zubaida ta matso 'yan ɗigo a cikin ludayi da ƙyar, ta sunkuya gindin danga ta kamo tururuwa, ta jefa ciki. Haka iyayensu suke yi: in tururuwar ta mutu, a ce nono ba shi da kyau. Mata suka kewaye ludayin suna leƙe. Tururuwar ta yi iyo, ta kama gefe, ta fito, ta tsaya ta goge fuska da ƙafafunta, ta bi hannun ludayin ta yi tafiyarta.

"Kun gani?" in ji Tasalla. "Har ta ƙoshi, ta tafi kiran 'yan uwanta. Nono lafiyarsa ƙalau. Fitowa ce ya ƙi yi."

Aka yi dariya, har Zubaida da ke share hawaye. Amma dariyar ba ta sauke ƙululun ba. Tasalla ta fara naɗe hannun riga, ta ce a kawo man shanu ta murje wurin da ƙarfi har ya fashe. A nan ne aka ji muryar Uwa daga bakin murhu, ƙasa-ƙasa, ba ta kalli kowa ba.

"Inna, da dai an kai ta asibiti tukuna."

Kowa ya waiga. Uwa ba ta taɓa sa baki a sha'anin 'yar nan ba a gaban surukarta. Tasalla ta dube ta na ɗan lokaci, sannan ta sauke hannun rigarta.

"To. Amma ni gwiwata ba ta hawa babur. Wadda ta kawo shawara ita za ta raka."

Haka aka yi. Yakubu, ƙanen Malam Daudu, ya fito da babur ɗinsa. Zubaida ta hau, Uwa ta goya jikanta ta hau baya, suka bi hanyar da ta ratsa gonakin gero zuwa Gwiwa, suna kauce wa taɓo. Duk ramin da babur ya faɗa sai Zubaida ta ja numfashi, sai ta ji hannun uwarta ya ƙara riƙe ta ta baya.

A ƙaramin asibitin suka sami wata malama mai suna Nafisat, mace mai jiki da fara'a, ita ma da alama ba ta daɗe da yaye ba. Ta dubi Uwa ta ce, "Mama, yaya kuke da ita?"

Uwa ta sunkuyar da kai. "'Yar gidanmu ce."

Malama Nafisat ta kalli fuskokinsu biyu, iri ɗaya kamar an tsaga kara, ta yi dariya. "Na gane. 'Yar fari ce ke nan. Shi ma wannan ɗan fari. To, yau kunya za ta jira mu a waje."

Ta auna zafin jikin Zubaida, ta duba nonon a hankali, ta tambaye ta yadda take shayarwa. Da Zubaida ta ba ta labarin mayafi da sallama da rigar mama, sai ta girgiza kai.

"Ki kwantar da hankalinki, ba abin tsagawa ba ne. Ba ki da zazzaɓi, wurin kuma bai yi ruwa ba. Cikin nono akwai 'yan hanyoyi da ruwan yake bi. Kin hana shi fita, kin kuma matse shi da riga, shi ne wajen ya kumbura hanya ta toshe. Rigar nan ki cire ta ki ajiye. Babban likitanki kuwa ga shi nan a bayan Mama."

Ta sa aka sauko da Abba, ta zaunar da Zubaida ta jingina da bango, ta ce Uwa ta tallafe mata gwiwar hannu. Da farko ta nuna mata yadda za ta ɗan tatse kaɗan da yatsu, don kewayen kan ya yi laushi yaron ya samu wurin kamawa.

"Yanzu juyo shi, cikinsa ya manne da naki. Kada ki sunkuya masa, shi za ki jawo. Ki goga masa kan a leɓe, ki jira. Jira dai. Sai ya wangale baki kamar mai hamma. Yauwa, yanzu!"

Abba ya cafke, ba kan kaɗai ba, har da baƙin da ke kewaye. Zubaida ta runtse ido tana jiran raɗaɗin da ta saba ji. Ya zo, amma kaɗan, sannan ya lafa. Ta buɗe ido da mamaki.

"Bai yi zafi sosai ba."

"Da can bakin ƙofa kawai kike ba shi yana tauna, shi ya sa ya tsage," in ji malamar. Ta ce ta riƙa ba shi duk lokacin da ya nema, kowane ɓangare, har sai ya saki da kansa. Kada a murza ƙululun da ƙarfi, a shafa shi sama-sama zuwa hammata. In ya gama sha a ɗora tsumma mai sanyi. Ta shafa ɗigon ruwan nonon a kan tsagewar ta bari ya bushe. A wajen wanka a rage wa ƙirjin zafi. Ta ba ta maganin rage ciwo, ta ce madarar jar saniya ta jira tukuna, nonon uwa zalla ya ishe shi har wata shida, ko ruwa ba sai an ba shi ba.

"In kuwa zazzaɓi ya zo, ko ja ya bazu a wurin, ko kuka ga bai sauka ba zuwa jibi, ku dawo nan da nan. Kada a tsaya jin kunya."

Da suka dawo gida, Uwa ta maimaita wa surukarta bayanin kaf, ba ta manta ko ɗaya ba. Tasalla ta saurara tana gyaɗa kai. Da aka zo wajen masu barka, sai ta tashi ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin mai jego, ta ajiye sandarta a gefe.

"Daga yau ni ce mai gadi. In mijina yana cin abinci, ko matar hakimi ce ta zauna nan mu yi hira."

Ta kuwa cika alkawari. Duk wadda ta yi sallama sai ta ja ta kan tabarma, ta ba ta labarin tururuwar da ta sha nono ta ƙoshi, kowane karo tururuwar tana ƙara girma.

Da yamma Shafi'i ya kira a waya. Zubaida ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta iya faɗa masa abin da ke faruwa. Ya ruɗe, ya ce me ya sa ba a gaya masa tun da wuri ba.

"Toshewa? Wallahi da tiyo ne da yanzu na zo na buɗe shi. Bari in tambayi mutane, akwai wanda zai san magani."

"An ba ni magani. Ka kwantar da hankalinka."

"A'a, bari dai in tambaya."

Washegari ƙululun yana nan, sai dai ya ɗan rage zafi. Zubaida ta fara karaya. Da hantsi tana shayar da Abba, ta ɗage kafaɗu ta ƙanƙame jiki, sai aka ɗaga labule. Uwa ce, da ƙwarya cike da ruwan randa da tsumma a ciki. Maimakon ta ajiye a bakin ƙofa ta fita, sai ta shigo ta zauna a gefen gado. Ta ɗora hannu a bayan 'yarta.

"Zubaida, saki kafaɗarki."

Zubaida ta ɗago da sauri. Ta zaci kunnenta ne. Uwa ba ta kalle ta ba, idonta yana kan jaririn, amma hannunta yana shafa mata baya a hankali, daga wuya zuwa ƙugu.

"Saki jikinki. Ko saniya in ta tsorata ba ta sakin nono. Ki dube shi, ba kowa a nan sai ni."

Zubaida ta dubi ɗanta a gaban uwarta, karo na farko ba tare da ta kau da kai ba. Kumatunsa na motsi, ɗan hannunsa a kan ƙirjinta yana buɗewa yana rufewa. Hawaye suka zubo mata, ba na ciwo ba. Uwa ta kai ɗayan hannun ta riƙa shafa ƙululun sama-sama yadda malamar ta nuna. Suka daɗe a haka. Daga waje ana jin muryar Tasalla tana ba wasu mata labari.

Can sai Zubaida ta ji wani abu kamar tsirawa a cikin nonon, sannan ta ji ya saki. Tsotson Abba ya canza. Ya fara haɗiya da ƙarfi, ƙwat, ƙwat, ƙwat, har ya ƙware ya saki yana tari. Ruwan nono ya yi tsiri ya feso, siriri kamar zare, ya wuce kan yaron. Zubaida ta ƙwala wa uwarta kira.

"Inna! Inna, ya buɗe!"

Tasalla ta ji ihun ta banko labule ta sunkuyo don ta gani, sai feshin ya same ta a ido. Ta ja da baya tana goge fuska da gefen zani.

"La ilaha illallahu! Shekara nawa ina tatsar shanu, ba wadda ta taɓa yi mini haka!"

Uwa ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na girgiza, har dariyar ta ƙwace mata. Matan da ke kan tabarma suka leƙo, ɗaya ta rangaɗa guɗa. Zubaida ba ta nemi mayafi ba. Ta mayar da ɗanta ya ci gaba da sha, har ya saki da kansa, bakinsa a buɗe, madara na gangarowa ta gefen kumatu, ya yi barci kamar wanda ya yini a gona. Da ta taɓa wurin ƙululun, ya yi laushi, saura ɗan tsami kawai.

Ranar da ta biyo, bayan azahar, aka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Shafi'i ne, ya yi gumi, taɓo har gwiwa, da rabin buhu ɗaure a baya. Ya gaisa da surukinsa a zaure, aka yi masa iso. Ya sauke buhun a gaban Tasalla ya kwance baki. Kabeji ne, manya-manya.

"Wani mai lambu da nake yi wa gyara ya ce matarsa ganyen kabeji mai sanyi take ɗorawa, yana rage kumburi. Shi ne na shiga kasuwa."

Tasalla ta leƙa buhun, ta dube shi, ta sake leƙa buhun.

"Ɗan nan, nono nawa aka ce maka matarka tana da shi?"

"Na ce gara ya yi yawa da ya kasa, Kaka."

"To, ka makara. Ɗanka ya riga ka, shi ya yi gyaran, ko sifana bai riƙe ba."

Shafi'i ya yi ajiyar zuciya, ya zauna dirshan a ƙasa yana hamdala. Aka miƙo masa Abba. Ya ɗaga shi yana jinjina nauyinsa, ya rantse yaron ya ƙara ƙiba. Zubaida tana zaune daga bakin ƙofa tana kallonsu, tana murmushi.

Kabejin bai yi asara ba. Don kada wahalar mijinta ta tafi a banza, Zubaida ta ɓare ganye biyu ta wanke ta sa a ruwan randa, ta ce za ta ɗora anjima. Sauran kuwa Uwa ta yanka, ta daka ƙuli-ƙuli da yaji, ta yi kwaɗo babban kwano, aka aika wa maƙwabta, har da wadda ta ce nonon ya ɓaci. Ɓawon aka zuba wa awaki. Malam Daudu ya ci nasa a zaure da Yakubu, yana cewa shi dai jar saniyarsa tana nan tana jiran yaron, ko shekara nawa ne.

Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, Shafi'i ya tashi don ya riga ruwa isa Kazaure. Zubaida ta rako shi har bakin danga, Abba a kafaɗarta yana gyatsa.

"Yanzu dai ba inda ke miki ciwo?" ya tambaya a hankali.

"Saura kaɗan. In ya dawo na san abin yi, kuma asibiti ba nisa."

"Me zan kawo miki in zan dawo?"

Ta ɗan yi tunani. Tun da ciwon ya fara ba ta ci abinci da daɗi ba, yanzu kuwa yunwa take ji kamar ta cinye gidan.

"Ka bar kabejin haka. Balangu nake so, mai yaji, da yawa."

Ya yi dariya ya buga babur. Iska mai ƙamshin ruwa ta fara kaɗa gero, Tasalla tana ƙwala kira daga ciki a shigo mata da mijinta kada yayyafi ya taɓa shi.